Tarihin Labarun Ban Tsoro da Turawa ke Karantawa da Kaka

Kwanan baya wani ɗan makaranta ya ɗaga hannu cikin aji ya ce mana, "Malam, me ya sa littattafan Turawa na fatalwa da mayu da yawa sai a ce abin ya faru ne da kaka, ganye na zuba, iska na kaɗawa? Su fatalwoyinsu ba su fita da damina ne?" 'Yan aji suka fashe da dariya, mu ma muka yi murmushi. Amma da muka koma gida muka yi tunani, sai muka ga tambayar ba ta wasa ba ce. Amsarta tana cikin tarihi, ga ta kuma haɗe da wata gardama wadda masana suka shekara fiye da ɗari uku suna yi ba su gama ba, watau ko ya kamata a bar yaro ya karanta abin da zai ba shi tsoro, ko kuwa a hana shi. Tun da ya ke ku ne yaran da a ke gardamar a kanku, ya kamata ku ji yadda aka yi.

Da fari sai ku lura da yadda rana ke tafiya a can. A nan wajenmu, in ka ɗauki Kano, tsakanin yinin da ya fi tsawo cikin shekara da wanda ya fi gajarta bambanci bai kai awa biyu ba. A Landan kuwa, cikin watan Yuni yini ya kan wuce awa 16, kafin Oktoba ya ƙare ya koma awa 10, zuwa ƙarshen Disamba bai ko cika awa 8 ba. Watau kaka a wurinsu ita ce ƙofar duhu. An gama girbi, itatuwa sun zubad da ganye sun tsaya tsirara, hazo ya sauko, tun da sauran la'asar gari ya soma rufewa. A zamanin da babu lantarki, kyandir kuma da tsada, mutanen gida sai su taru gindin murhu guda. A ƙauyukan Jamus har ɗaki a kan keɓe inda 'yan mata ke haɗuwa da dare suna kaɗi, don a yi tattalin itace da fitila. To, inda hannu ke aiki baki kuwa ya rasa abin yi, me za a shiga in ba labari ba? Duk wanda ya taɓa zama gaban kakarsa bayan an ci tuwon dare, tana murza mazari tana tatsuniyar Dodo, ya san amsar wannan.

Akwai kuma dare guda wanda ya fi sauran suna. Mutanen Ailan da na tsaunukan Sikotilan tun zamanin da suna da wani buki a farkon Nuwamba, suna rubuta sunansa Samhain, suna furta shi Sawin. Lokacin nan ne a ke sauko da shanu daga makiyayar tudu, a yanka waɗanda ba za a iya ciyarwa da ɗari ba, a hura wuta bisa duwatsu. Cikin tsofaffin labarunsu da aka rubuta, a daren nan ne tuddan da su ke cewa gidajen aljannu ne ke buɗewa, mutanen ɓoye su fito su yi ta yawo cikin 'yan Adam. Kiristocin Turai kuma suka sa 1 ga Nuwamba ta zama ranar tunawa da tsarkaka duka, aka tabbatad da haka a ƙasashen Sarki Louis ɗan Sharlaman a shekarar 835, daga baya 2 ga wata ta zama ranar yi wa matattu addu'a. Daren 31 ga Oktoba shi ne Halowin, ma'anar sunan kuwa ba wani abu ba ne illa jajiberen ranar tsarkaka.

Samarin Ailan su kan rarake wani tushe da su ke nomawa mai kama da ƙatuwar gwaza, su yanka masa ido da baki, su sa wuta ciki, su bi gida gida. A 1845 ciwo ya faɗa wa dankalin ƙasar, aka yi yunwar da ta kashe mutum wajen miliyan guda, fiye da miliyan kuma suka yi ƙaura, yawancinsu zuwa Amurka. Can suka tarad da kabewa, ta fi girma, ta kuma fi sauƙin rarakewa. Ku riƙe kabewar nan a zuci, za mu sake gamuwa da ita.

Cewa yara suna cikin masu sauraron irin labarun nan, har ma da masu bayarwa, muna da shaida. Cikin wani wasan kwaikwayo da Shakespeare ya rubuta wajen 1611, mai suna The Winter's Tale, wata sarauniya ta ce wa ɗanta ƙarami ya ba ta labari. Ya zaɓi na aljannu, ya matso kusa da kunnenta, ya soma da maƙabarta, sai ga ubansa ya faɗo ɗakin da fushi, labari ya yanke. Har yau ba wanda ya ji ƙarshensa.

Gardama ta taso ne sa'ad da aka soma tunanin yadda za a yi renon yara da ilmi. A 1693 masanin nan na Ingila, John Locke, ya buga littafi a kan tarbiyya. Ya gargaɗi iyaye su hana barorin gida tsorata yara da dodanni don su yi shiru, domin a ganinsa tsoron da aka shuka a wannan shekaru ya kan yi saiwa, har mutum ya girma yana gudun duhu da inuwar kansa. Shekara huɗu rak bayan wannan, a 1697, wani Bafaranshe mai suna Charles Perrault ya buga tatsuniyoyi takwas a Faris. Cikinsu akwai ta yarinya mai jar hula wadda kyarkeci ya cinye kakarta, ya shiga gadonta, ya cinye yarinyar ita ma, tatsuniya kuwa ta ƙare nan, ba mai ceto. Akwai ta attajiri mai shuɗin gemu wanda ya hana amaryarsa buɗe ɗaki guda, da ta buɗe ta tarad da gawawwakin matansa na da. Da aka juya su da Ingilishi yara suka so su ƙwarai. Wata malama mai suna Sarah Trimmer, wadda ta riƙa fid da mujalla daga 1802 zuwa 1806 tana auna littattafan yara, ta yi musu kaca-kaca, ta ce ba abin da su ke yi sai cika kan yaro da firgita marar dalili.

Tana cikin wannan yaƙi, wasu 'yan'uwa biyu a garin Kassel na Jamus suna nan suna tattara abin da ta ke ƙi. Jacob da Wilhelm Grimm masana harshe ne, ba don yara suka fara aikin ba. Sun ji tsoro ne kada tatsuniyoyin Jamusawa su ɓace tare da tsofaffin da suka san su. Littafinsu na fari ya fito a 1812 da tatsuniya 86, na biyu a 1815 da 70. Da yawa sun ji su ne daga bakin 'yan matan gidajen maƙwabta, da kuma wata matar tela mai suna Dorothea Viehmann, wadda ta kan shigo gari daga ƙauye. Da iyaye suka saya suka ga abin da ke ciki, sai ƙorafi ya tashi. Wilhelm ya shiga gyara, bugu bayan bugu, har na bakwai a 1857. Abin mamaki shi ne abin da ya zaɓa ya gyara. A tatsuniyar Hansel da Gretel, yaran nan biyu da aka yasar a daji don yunwa, a bugun fari uwarsu ce ta haife su ta ba da shawarar a yasar da su. A bugun 1840 ta zama kishiyar uwa. Mayyar da ke kiwon yaron cikin keji don ya yi ƙiba ta cinye shi kuwa ba a taɓa ta ba, wutar da aka tura ta ciki ma tana nan. Ashe Wilhelm ya gane yaro yana iya ɗaukar mayya a daji, abin da ba ya iya ɗauka shi ne a ce mayyar ita ce ta goye shi.

Wanda ya ba Locke amsa mafi kyau, a ganinmu, ba malami ba ne, akawu ne a wani kamfanin ciniki a Landan, sunansa Charles Lamb. Cikin watan Oktoba na 1821 ya rubuta maƙala a kan mayu da firgitar dare. Ya ba da labarin wani tsohon littafin tarihin Baibul da ke ɗakin ubansa, wanda a ciki akwai hoton wata matsafiya tana tayad da Sama'ila daga kabari. Ya ce tun yana ɗan shekara huɗu har ya kai bakwai ko takwas bai taɓa ɗora kai bisa matashi ba face yana sa ran ganin abin nan. Za ku ce to ai ga shaidar Locke. Amma Lamb ya ƙara da labarin ɗan wani abokinsa, wanda aka rena da matuƙar kiyayewa, ba a taɓa bari ya ji sunan fatalwa ko aljani ba, duk da haka ya kan farka tsakad dare yana zufa yana makyarkyata. Abin da Lamb ya fahimta shi ne, tsoron yana cikin yaro tun can, hoto riga kawai ya ba shi. Laifin da ya ga iyaye suna yi ba na littafi ba ne, na barin ƙaramin yaro ne ya kwana shi kaɗai cikin duhu, in ya miƙa hannu ya rasa wanda zai taɓa.

Mu dai muna ganin su biyun kowa ya faɗi gaskiya, sai dai ba abu guda su ke magana a kai ba. Locke yana maganar tsoron da a ke yi wa yaro bulala da shi. Misalin wannan shi ne littafin da wani likita na Frankfurt, Heinrich Hoffmann, ya zana wa ɗansa ɗan shekara uku, aka buga a 1845, sunansa Struwwelpeter. A ciki yaro mai shan yatsa wani tela ya faɗo masa da ƙaton almakashi ya datse manyan yatsunsa biyu, yarinya mai wasa da ashana ta ƙone ƙurmus. An saye shi ba iyaka, an juya shi cikin harsuna da yawa, waɗansu kuma sun ce ba'a likitan ke yi wa masu wa'azi. Ko ma dai mene ne nufinsa, ba mu so a miƙa shi ga ɗan ƙaramin da bai san ba'a ba. Ɗan'uwan "yi shiru ko in kira maka Dodo" ne, mun kuwa ga yaran da aka rena da wannan magana, sun kai aji biyar ba su iya zuwa bayan gida da dare sai da rakiya. Labarin da mu ke so shi ne wanda yaro ke shiga da ƙafarsa, yana sane akwai ƙofar fita.

Saboda haka in za ku fara, ku fara da ta huɗu cikin tatsuniyoyin Grimm, ta yaron da ya bar gida don ya koyo tsoro. Shi dai wannan yaro ya ji mutane suna cewa tsikar jikinsu ta tashi, shi kuwa tasa ba ta taɓa tashi ba, ya ɗauka sana'a ce da a ke koya. Mai kaɗa ƙararrawar majami'a ya yafa farin mayafi ya tsaya masa a matakala da dare, yaro ya tambaye shi sau uku bai amsa ba, ya hankaɗa shi ya karye ƙafa. Ya kwana gindin inda aka rataye mutum bakwai, tausayinsu ya kama shi don sanyi, ya sauko da su ya jera su bakin wuta. Ya kwana uku cikin gidan sarauta da aljannu suka mamaye, har ya yi wasan ƙwallo da ƙoƙunan kai. Yadda a ƙarshe tsikar jikinsa ta tashi, da bokitin ruwan sanyi ne, ba za mu faɗa muku sauran ba.

Na biyu shi ne wanda muka fi so, ko da ya ke malamin makaranta ne ya sha kunya a ciki. Washington Irving Ba'amurke ne, amma yana zaune a Ingila ya rubuta The Legend of Sleepy Hollow, aka buga a 1820. An kafa labarin a wani kwari kusa da Tarrytown, bakin kogin Hudson, wajen shekarar 1790, cikin jikokin mutanen Holan da suka zauna can. Malamin ƙauyen, Ichabod Crane, dogo ne siriri, ga ci kamar gara, yana kwana gidajen iyayen almajiransa mako mako. Ba littafin da ya ke so kamar wani tsohon tarihin mayu, ya kan karanta shi har magariba, sa'an nan ya kama hanyar gida ko wane kututture ya zame masa aljani. Ya ɗora ido a kan Katrina, 'yar wani manomi mai wadata, mu kuwa muna zaton gonar ya fi so. Abokin takararsa, Brom Bones, ƙato ne, mahayi, mai son tsokana.

Wata rana da kaka aka yi walimar girbi gidan uban Katrina. Aka ci aka sha aka yi rawa, tsofaffi suka zauna suna hirar wani sojan Jamus da harsashin igwa ya fille wa kai a yaƙin neman 'yancin Amurka, wai ya kan fito da dare bisa doki yana neman kansa. Tsakad dare malam ya hau aron tsohon doki ya nufi gida shi kaɗai. Sai ga mahayi a bayansa, ba kai bisa kafaɗa, ga kan a gaban sirdi. Aka yi ta sukuwa har gadar da ke kusa da majami'a, mahayi ya miƙe bisa likkafa ya jefe shi da kan. Da gari ya waye ba a ga malam ba, sai hularsa, kusa da ita kuma ga fasasshiyar kabewa. Brom ya auri Katrina, duk kuwa sa'ad da aka zo kan kabewar nan sai ya ƙyalƙyale da dariya. Ku lura, Irving bai ambaci Halowin ba ko sau ɗaya, ya kuma rubuta tun shekara 25 kafin yunwar Ailan. Daga baya ne Amurkawa suka haɗa labarinsa da daren, har mutanen ƙauyen North Tarrytown suka sake wa garinsu suna ya koma Sleepy Hollow a 1996. Ingilishin littafin yana da nauyi, jimlolinsa dogaye, sai ku ajiye ƙamus kusa.

Mai neman dariya ya nemi The Canterville Ghost na Oscar Wilde, na 1887. Fatalwa ce ta shekara ɗari uku tana razana mutane a wani tsohon gida na Ingila, sai Amurkawa suka saye gidan. Daren fari da ta zo tana jan sarƙa, maigida ya buɗe ƙofa ya miƙa mata kwalbar mai ya ce ta shafa, ƙarar tana hana barci.

Manyan 'yan makaranta kuwa su gwada M. R. James, wanda ya rayu daga 1862 zuwa 1936. Masanin tsofaffin littattafan rubutun hannu ne, ya shugabanci wata kwaleji a Kambirij, daga baya ya koma shugaban makarantar Eton. Ran 28 ga Oktoba 1893 ya fara karanta wa abokansa labarun fatalwa biyu, daga nan ta zame masa al'ada, yawanci daren Kirsimeti, a kashe kyandir duka a bar guda. A 1927 ya je sansanin 'yan sikawut na Eton a bakin tekun Dorset, ya karanta musu Wailing Well a gindin wuta, labarin wani ɗan sikawut marar jin magana wanda makiyayi ya gargaɗa kada ya je wata rijiya cikin wata gona, ya je. Wayon da ya yi shi ne, ya kafa labarin a filin da ke kusa da tantunansu. Dabararsa ita ce ba ya gaggawa: ya fara da abin yau da kullum, littafi ko ɗakin baƙi, sai can ka ga wani abu ya motsa a gefen ido. Irin wannan dabara ce W. W. Jacobs ya bi a The Monkey's Paw, na 1902. Wani soja ya kawo busasshen hannun biri daga Indiya mai biyan buƙata uku. Tsoho ya roƙi fam 200. Kashegari inji ya kashe ɗansa wurin aiki, masu kamfani suka kawo diyya, fam 200 daidai. Bayan kwana goma uwa ta tuna saura buƙata biyu. Daga nan har ƙarshe ba abin da mai karatu ke gani, bugun ƙofa kawai ya ke ji. Frankenstein na 1818 da Dracula na 1897 kuwa ba don yara aka rubuta su ba, ku bar su tukuna, ba inda za su.

Kada ku zaci gardamar ta mutu tare da Malama Trimmer. A 1981 wani Ba'amurke, Alvin Schwartz, ya bi sawun Grimm ya tattara tatsuniyoyin tsoro na ƙasarsa cikin Scary Stories to Tell in the Dark, har yana nuna inda mai karatu zai zabura ya yi wa masu sauraro ihu. Daga 1990 zuwa 1999, bisa lissafin ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka, ba littattafan da aka fi kai ƙara a janye su daga makarantu kamar nasa.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan hanya. Abin da Grimm suka yi a Kassel an yi irinsa da Hausa. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, daga 1911 zuwa 1913, malaman ƙasar nan ne kuwa suka rubuto yawancinsu da ajami. Malam Shaihu ya rubuta wa R. S. Rattray nasa a Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, aka buga a 1913. Sa'ad da Abubakar Imam ya zauna Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito daga 1937 zuwa 1939, littafin Grimm yana cikin waɗanda ya ɗebo labaru daga ciki, tare da Alfu Laila, ya sa musu rigar Hausa har ba ka gane baƙi ne. Kakanninmu kuma sun san zancen ƙofar fita tun ba su ji sunan Lamb ba. Ba su yin tatsuniya da rana, ba su yin ta ga yaro shi kaɗai, sai an taru kafaɗa na gugar kafaɗa, in an gama kuma a ce ƙurunƙus, kowa ya san Dodo ya koma inda ya fito. Haka mu ke so ku yi da littattafan nan. Ku karanta su a fili, mutum huɗu ko biyar, ɗaya na karatu saura na ji. Manyan ɗakin kwana kuma kada mu ji an ce wani ya yafa farin zane ya tsaya wa sababbin yara a hanyar rijiya, ya tuna da ƙafar mai ƙararrawa.

Shi kuwa yaron da ya yi mana tambaya, mun ba shi aron Irving. Ya kwana shida da shi ya komo. Muka ce, "To, ka ga dai kabewa ce." Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, kabewa aka gani da safe. Ai ba a ce ita aka jefa ba."